Babu ɗumi, rufi na yoyo, mai gida ya ƙi gyara: mu riƙe haya ko mu je kotu?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Muna haya ni da mijina da yara uku, ƙaramar shekararta biyu. Tun shigowar sanyi hita ke ɗaukewa, wani lokaci kwana uku babu ɗumi babu ruwan zafi. Silin ɗin banɗaki na yoyo, bango ya yi baƙi da funfuna, ga ɓeraye. Sufan gidan, wato mai kula da ginin, kullum sai ya ce gobe. Baban yara ya ce mu daina biyan haya har sai sun gyara, ni kuma ina tsoron a kore mu, don takardunsa ba su kammala ba. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya raya yaran. Na daɗe ina raka 'yan haya kotun gidaje ta Bronx ina yi musu tafinta, kuma shawarar da zan ba ki ita ce wadda zan ba ƙanwata ta ciki ɗaya: ku ci gaba da biyan haya, ke kuma ki riga mai gidan zuwa kotu. Shiga kotu a matsayin mai ƙara da shigarta a matsayin wadda aka kai ƙara ba ɗaya ba ne, ko da alƙali ɗaya ne, ko da yoyon ɗaya ne.

Baban yara bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Tun 1975 dokar Jihar New York, sashe na 235-b na dokar kadarori, ta ce duk wanda ya ba da gida haya ya ɗauki alkawarin cewa gidan ya dace da zaman ɗan Adam, ko an rubuta hakan a takardar haya ko ba a rubuta ba, kai ko da ma babu takardar sam. Ko kin sa hannu a wata yarjejeniya da ta ce kin yafe wannan haƙƙi, yafewar ba ta aiki. A 1979 kotun ƙoli ta jihar ta tabbatar da cewa in mai gida ya gaza, ana iya rage wa ɗan haya kuɗin watannin da ya sha wahala. Saboda haka riƙe haya ba laifi ba ne. Amma ga abin da ke biyo baya. Mai gida zai aiko da takardar neman kuɗinsa mai wa'adin kwana 14, daga nan ya shigar da ƙarar rashin biya, wadda ƙarshenta in ba a yi dace ba kora ce. Sai maganar ta juya: maimakon a tambaye shi me ya hana shi gyara tukunyar ɗumama gini, ke za a fara tambaya ina kuɗin. Kuma na ga yadda kuɗin ke narkewa. Mutum ya riƙe hayar wata uku da niyya mai kyau, sai ga rasuwa a gida an aika wani abu, sai ga zubin adashi ya zo, sai mota ta lalace. Ranar da alƙali ya ce an rage kashi kaza, a biya sauran, babu sauran. Duk wanda zai riƙe haya, to ya yi da shawarar lauya, kuma kuɗin su kwanta a banki ko kwabo bai taɓa ba. Da yara uku a tsakiyar hunturu, ban ga dalilin da zai sa ku hau wannan siraɗi ba alhali ga hanya shimfiɗaɗɗiya.

Hanyar ita ce ƙarar neman gyara da ake kira HP. Kotun gidaje ta birnin ta fara aiki a 1973, kuma ainihin abin da aka kafa ta dominsa shi ne tilasta wa masu gidaje gyara, duk da cewa yau shari'ar kora ta cinye yawancin ɗakunanta. Sashen HP shi ne ya rage a kan waccan manufa. A nan ɗan haya ne ke kai mai gida, kuma abu ɗaya ake nema: alƙali ya ba da umarnin a gyara cikin kwanaki sanannu. Ba a korar kowa ta cikin wannan ƙara, kuma ba sai da lauya ake shigar da ita ba.

Kafin ki taka kotu, ki fara tara hujja, domin a nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa. Mu mun saba da magana baki da baki. An gaya wa sufa a bakin lif, ya ce to, an gode masa, an wuce. A kotu wannan daidai yake da ba a faɗa ba. Yau ɗin nan ki aika wa ofishin mai gidan saƙo a rubuce, ta waya ko imel ko wasiƙa, ki jera matsalolin ɗaki bayan ɗaki, ki ajiye kwafi. Sannan ki kira 311, lambar wayar da ake kai wa hukumomin birnin koke, ki ce kina son tafinta in Turancin bai zauna ba, ki kai koke. Za su ba ki lamba, ki rubuta ta. Duk ranar da ɗumi ya ɗauke ki sake kira, kada ki ce ai na kira jiya. Ki sayi ƙaramin ma'aunin zafi na bango, ba shi da tsada, ki rataye a ɗakin yara nesa da taga, ki riƙa ɗaukar hotonsa safe da dare, ki kuma samu littafi irin na 'yan makaranta kina rubuta rana da lokaci da abin da ya nuna.

Wannan littafi yana da nauyi ne domin dokar birnin ba ta ce "a ba da ɗumi daidai gwargwado" ba, lamba ta faɗa. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, tsakanin ƙarfe 6 na safe da 10 na dare, in sanyin waje ya sauka ƙasa da digiri 55 a ma'aunin Farenhait, dole cikin ɗaki ya kai 68, wato 20 a ma'aunin Salshiyos da muka saba da shi a gida. Daga 10 na dare zuwa 6 na safe dole ya kai 62, komai yanayin waje. Ruwan zafi kuwa ba shi da lokaci, duk shekara ne, dare da rana, kuma kada ya gaza 120. In littafinki ya nuna 54 da asuba, kwana bayan kwana, babu lauyan da zai iya cewa ke ce mai jin sanyi.

Koken 311 yana zuwa hukumar gidaje ta birnin, HPD. Su ne duba-garin wannan gari. Jami'insu zai zo ya duba, abin da ya gani ya rubuta wa gidan laifi, kuma laifuffukan hawa uku ne. Na A shi ne mai sauƙi, wa'adinsa kwana 90. Na B mai haɗari, kwana 30. Na C shi ne mai haɗarin gaggawa, yawanci awa 24, sai dai ɗumi da ruwan zafi da ake so a maido nan take, da irin su ɓeraye da kyankyasai da fentin dalma da ake ba kwana 21. Funfuna kuma da faɗinta ake auna ta tun dokar 2018 da aka yi saboda yawan ciwon asma: in ta mamaye bango sosai takan haura zuwa C, kuma dokar ta ce a gyara tushen danshin, ba a shafe da fenti kawai ba. Na taɓa shiga wani banɗaki da aka shafa wa farin fenti mako biyu kafin zuwana. Har yana ƙyalli. Matar gidan ta danna bangon da yatsa sai ya lotsa kamar danƙon biredi, baƙin yana lekowa ta gefen madubi, bokiti na nan inda yake a ƙarƙashin silin yana karɓar ɗigo. Ki lura da irin wannan gyaran ganin ido.

Tunda kina da 'yar shekara biyu, akwai abu biyu da ba ki ambata ba da nake so ki duba. In an gina gidan kafin 1960 kuma akwai yaro ɗan ƙasa da shekara shida, doka ta ɗauka cewa tsohon fentin yana da dalma har sai an gwada an ga babu. Duk Bahaushen da ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani. A can ƙurar dutsen zinariya ce, a nan ɓawon fenti ne da ke zuba a gindin taga, inda yaro mai rarrafe ke sa hannu ya kai baki. Ki gaya wa 311 shekarun yarinyar, ki kuma ce wa likitanta ya gwada jininta. Na biyu, ƙarafan kariya a tagogi wajibi ne a gidan da ke da yaro ɗan shekara goma zuwa ƙasa.

Sai kuma abin da ya fi tsaya mini a rai. Na san abin da ake yi idan hita ta ɗauke: a buɗe murhun gas a bar shi yana ci, ko a jona ƙaramar hita ta lantarki a kwana da ita kusa da katifa. Don Allah kada ki bar murhu a kunne don ɗumi, yana fitar da iska mai guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Ranar Lahadi 9 ga Janairun 2022, a benen Twin Parks da ke titin 181 a nan Bronx, ƙaramar hita ce ta kama da wuta a wani ɗaki. Ƙofar da ya kamata ta rufe kanta bayan an fita ba ta rufe ba, hayaƙi ya bi matakala ya cika bene mai hawa 19. Mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, yawancinsu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Allah Ya jiƙansu. Yau ki buɗe ƙofar gidanki ki sake ta. In ba ta koma ta rufe da kanta har ta kama ba, wannan ma laifi ne na C, ki sa shi cikin koke.

To, ga yadda ake shigar da ƙarar. Kotun gidaje ta Bronx tana lamba 1118 a kan titin Grand Concourse. Ki je da sassafe, ki tambayi tagar akawun HP. Za a ba ki takardu: ta bayyana koke da za ki rantse a kai, ta neman alƙali ya kira mai gida ya zo ya kare kansa, da ta neman a turo jami'in dubawa. Kuɗin shigarwa dala 45 ne, kuma in babu hali akwai takardar neman a yafe, ba abin kunya ba ne, don haka aka tanade ta. Ki tafi da cikakken sunan mai gidan da adireshinsa kamar yadda ya yi rajista da HPD, ana samu a shafinsu na intanet in kin sa adireshin ginin. Yawancin gidajen nan sunan kamfani ne a kansu, ba sunan mutumin da kike gani yana karɓar haya ba, kuma kuskuren suna na iya maido ki farko.

A takardar dubawa ki rubuta komai, ɗaki bayan ɗaki, bango bayan bango. Kada ki ce "banɗaki ya lalace". Ki ce silin na yoyo a saman baho, funfuna a bangon hagu, famfo ba ya kawo ruwan zafi. Jami'in da takardarki zai yi aiki. Alƙali zai sa hannu, a ba ki rana biyu: ranar dubawa da ranar zama. Ƙarar rashin ɗumi akan gaggauta ta fiye da sauran. Takardar za ta faɗi yadda za ki isar da sammaci ga mai gida da kuma HPD, da ranar da ba a so ki wuce. Ki bi wannan harafi da harafi, ki adana rasit na gidan waya kamar yadda kike adana fasfo. Ranar dubawa kuma lallai a samu babba a gida, kada a share kashin ɓera, kada a goge bango. Na san tsabtar matanmu, baƙo zai zo sai an gyara ɗaki. Wannan baƙon ki bar shi ya ga gaskiya.

Ranar zama ki nemi tafinta, kyauta ne, kuma gara ki faɗa tun ranar shigar da ƙara cewa Hausa kike ji domin a nemo. Za ki tarar da lauyan HPD a ɗakin. Yakan taimaka, domin shi ma gyaran yake so, amma ki sani birni yake wakilta, ba ke ba. Lauyan mai gida kuwa zai kira sunanki a baranda, da fara'a, riƙe da takarda, ya ce a sasanta. Sulhu alheri ne, kuma yawancin waɗannan ƙararraki da shi suke ƙarewa. Sai dai kada ki sa hannu a abin da ba a karanta miki da harshen da kike ji ba, kina da ikon cewa sai a gaban alƙali. Abin da za ki nace a kai shi ne a yi umarnin kotu, ba alkawarin baka ba. A jera kowane gyara. A rubuta ranakun da ma'aikata za su zo da ƙarfe nawa za su iso. Kada ki yarda a cusa maganar bashin haya ko ta tashi daga gida cikin wannan takarda, ba ita ta kawo ki ba.

Maganar ranakun nan ita ce zuciyar shari'ar. Kariyar da masu gidaje suka fi dogara da ita guda ce: mun zo ba a buɗe mana ba. In kin ce Talata, to Talata a samu mutum a gida daga safe har yamma, ko da baban yara zai ajiye tasi na wuni ɗaya. In ba su zo ba, ki aika saƙo a ranar: mun jira, ba ku zo ba. In sun zo sun yi rabi, ki ɗauki hoto. Mai gida yakan aika wa HPD takardar cewa ya gyara. In sanarwar hakan ta iso miki alhali ƙarya ce, ki kira ki ƙaryata domin a sake dubawa.

Ba zan ɓoye miki ba, umarnin alƙali ba ya ɗaukar guduma. Akwai masu gidan da takardar kotu kawai ke ishe su, kafin ranar zama ma an gyara. Akwai kuma masu taurin kai. In wa'adi ya wuce ba a yi ba, ki koma tagar akawu ki nemi a maido da ƙarar, a ci shi tara, a kuma tuhume shi da raina kotu. Tarar rashin ɗumi kullum ake lissafa ta, kuma aljihun birni take shiga, ba naki ba, amma ita ce ke tayar da mai barcin ganganci. A laifin C, HPD na iya turo nata ma'aikatan su gyara ta ɗora wa gidan bashin. Yawancin waɗanda na ga sun rasa, ba shari'ar ce ta kayar da su ba, zuwa na biyu ne ba su yi ba. Ragin haya na watannin wahala kuwa ba a sashen HP ake samunsa ba. Ana nemansa a kotun ƙananan da'awa, ko in gidan naku na cikin waɗanda gwamnati ke ƙayyade hayarsu, a hukumar gidaje ta jiha. Littafin nan naki zai sake amfani a can.

Yanzu ga tsoronki. Doka ta hana mai gida ramuwa a kan ɗan hayan da ya kai koke da gaskiya, kuma tun gyaran dokar 2019, in ya nemi korarki cikin shekara guda da kokenki, kotu za ta ɗauka ramuwa ce har sai ya kawo wani dalili. Wannan kariya ba ta shafi ƙaramin gida mai ƙasa da sassa huɗu da mai shi ke zaune a ciki ba. Kuma a ko'ina, babu mai ikon fitar da ku sai da hukuncin alƙali da jami'in da kotu ta turo. Canza makulli, ko fitar da kaya, ko yanke wuta da ruwa don ku tashi, laifi ne da ake kiran 'yan sanda a kai. Haƙƙin ɗumi da gyara bai rataya a kan takardun zama ba, kuma takardun ƙarar HP a kan gida suke tambaya. Mai gidan da ya yi barazanar kira muku jami'an shige da fice ya taka dokar birnin, ana iya haɗa wannan cikin ƙarar a matsayin tsangwama. Jihar ta kuma yi doka a 2020 da ta hana kama mutum a kotunanta kan maganar shige da fice ba tare da sammacin alƙali ba. Duk da haka hankali ya fi: ke ki shigar da ƙarar da sunanki, ba dole sai baban yara ya taka kotu ba, shi kuma ya ga lauyan shige da fice a kan tasa matsalar daban.

Inda nake cewa a dakata shi ne in ɗakin da kuke ciki na ƙarƙashin ƙasa ne da ba a amince a zauna ba, ko an yanka falo da katako an mai da shi ɗakuna. A irin wannan, jami'in dubawa na iya ba da umarnin kowa ya fita saboda haɗari, a gudu ba a tsira ba. Mai irin wannan zama ya ga lauya kafin ya kira kowa. Akwai masu yi kyauta, irin su Legal Aid Society da Legal Services NYC, kuma a cikin kotun kanta akwai teburin Housing Court Answers da ke nuna wa mutane hanya. Lauyan kyauta da birnin ya lamunce wa masu ƙaramin ƙarfi tun 2017 na waɗanda ake neman kora ne, amma waɗannan ƙungiyoyi sukan karɓi ƙarar gyara, musamman in gini ne gaba ɗaya.

Shi ya sa nake so ki ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Tukunyar ɗumi ɗaya ce, in ke kina rawar sanyi to na sama da na ƙasa ma suna yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana shigar da HP a ƙungiyance, kuma mai gidan da zai iya cewa mace ɗaya ce mai fitina ba zai faɗi haka a kan gida goma sha biyar ba. In abin ya ƙazanta har ya zama an yi watsi da gini, kashi ɗaya cikin uku na 'yan haya na iya neman kotu ta karɓe ragamar ginin ta naɗa wani ya riƙa karɓar haya yana gyara da ita, abin da ake kira 7A.

Na san akwai mai ce miki mu baƙi ne, a yi haƙuri, kai ƙara ba halinmu ba ne. Haƙuri na da muhallinsa, kuma kun yi shi tun Oktoba. Amma haya ciniki ce: kun biya kuɗin ɗaki mai ɗumi, an ba ku mai sanyi, yarinya 'yar shekara biyu ce ke biyan bambancin da ƙirjinta. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Ki nuna wa baban yara wannan amsa, ku biya hayar watan nan ta hanyar da ke barin shaida, ceki ko takardar kuɗi ta gidan waya, ba tsaba a hannun sufa ba. Daren yau ki kira 311, gobe ki sayo ma'aunin zafi, ranar Litinin ki kama hanyar Grand Concourse da takardar haya, da rasit na watannin baya, da hotunan a buge a takarda, domin alƙali ba zai karɓi wayarki ya ajiye a fayil ba.